Yadda ake daidaita saurin tafiya da sikelin taswira a wasan jarumai na kan tebur

Duk wanda ya fara jan wasa irin Dungeons & Dragons (D&D a taƙaice), wato shi ne yake riƙe da duniyar yana ba da labari sauran kuma kowa na riƙe da jaruminsa, to akwai tambayar da ba makawa sai an jefo masa ita tun zama na biyu ko na uku: daga nan zuwa can kwana nawa ne? Ni da na fara da ka kawai nake amsawa. Ran nan na ce wa 'yan wasana daga garin bakin kogi zuwa kangon da ke kan dutse kwana biyu ne, bayan sati biyu za su sake bin hanyar na ce kwana biyar, don na manta abin da na faɗa. Ƙanwata tana cikin masu wasan kuma ita komai rubutawa take, sai ta buɗe littafinta ta ce "Yaya ai kwana biyu ka ce, ni guzurin kwana biyu na saya wa jarumata." Abin ya dame ni sosai, don bisa maganata ta yi shirinta ni kuma na sa shirin ya tashi a banza. Tun daga ranar na daina cankar nisa, na zauna na koyi lissafin.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne ɗan wasa ba ya jin mil, kwana yake ji. Ka ce masa mil 72 zai gyaɗa kai kawai, amma ka ce masa kwana uku ne kuma ruwanku na kwana biyu ne, yanzun nan za ka ga ya gyara zama. Don haka duk aikin da za mu yi a nan na mayar da taswira ta zama kwanaki ne, sau ɗaya kafin wasa, yadda in an zauna a tebur ba sai ka tsaya danne-dannen kalkuleta mutane na jiranka ba.

Kayan aiki

- Takarda mai gidaje masu kusurwa shida irin saƙar zuma, wadda muke ce wa heks. Ana samunta kyauta a intanet sai ka buga. Ka buga biyu, ɗaya taka ɗaya ta 'yan wasa.
- Fensir da abin gogewa, sai fensir masu kala huɗu ko biyar. Biro ka ajiye shi gefe tukunna, aikinsa sai a ƙarshe.
- Rula, da zare mai ɗan kauri wanda ba ya miƙewa kamar roba.
- Dais mai fuska 6 da mai fuska 20, wato d6 da d20.
- Tsakuwa ko maɓalli guda goma.
- Ƙaramin kati da za ka rubuta lambobin tafiya, da takarda ɗaya ta ƙirga kwanakin cikin wasa.

In ba ka da heks kar ka fasa. Ɗauki takarda mai akwati-akwati ta littafin lissafi ka zana gidajenka kamar jeren bulo, wato kowane layi ka gusar da shi rabin gida daga na samansa, za ka ga kowane gida ya samu maƙwabta shida daidai da heks. Ko ka ɗauki marfin kwalba ka riƙa zagaye shi da fensir kana manna da'irorin da juna, su ma da kansu za su jeru shida-shida. In kuma ka ce lallai akwatin yadda yake za ka yi amfani da shi, to ka sani tafiyar karkace daga kusurwa zuwa kusurwa ta fi ta miƙe tsawo da kusan kashi 40 cikin 100, sai ka riƙa ƙirga karkace ta farko gida ɗaya, ta biyu gida biyu, haka haka. In babu d20, manhajar waya tana yi, ko ka rubuta 1 zuwa 20 a guntayen takarda ka zuba a jaka a riƙa zara.

1. Fara da fitar da tafiyar yini ɗaya

Kafin ka zana ko bishiya ɗaya ka buɗe littafin dokar wasan da kuke yi ka nemo mil nawa ayari ke ci a yini. A D&D bugu na biyar, na 2014, an ɗauka ana tafiyar awa 8 a rana, kuma tafiyar iri uku ce:

- Sauri: mil 4 a awa, mil 30 a yini, amma ana cire maki 5 daga makin lura na kowa, wato kwanton ɓauna ya fi saurin cin su.
- Matsakaiciya: mil 3 a awa, mil 24 a yini.
- Sannu: mil 2 a awa, mil 18 a yini, kuma a ita kaɗai ake iya tafiya a ɓoye ana sanɗa.

Akwai abin da yake rikita sababbi a nan. In ka ninka 4 sau 8 za ka samu 32 amma littafin ya ce 30, in ka ninka 2 sau 8 za ka samu 16 amma ya ce 18. Ba kai ka yi kuskure ba, haka aka rubuta. Shawarata in tafiyar ta kai yini ka bi lambar yini, in ta 'yan awanni ce ka bi lambar awa, kar ka cakuɗa su a lissafi ɗaya. Bugun 2024 ya bar nisan nan yadda yake, dokar gajiya da hukuncin sauri ne suka canza, don haka ka duba wanne kake riƙe da shi.

In tsohon D&D kuke yi, irin na 1981, hanyar daban ce: ana ɗaukar saurin jarumi, wanda ake rubutawa da ma'aunin ƙafa, a raba da biyar. Mai saurin ƙafa 120 yana cin mil 24 a yini, mai 90 mil 18, mai 60 mil 12, mai 30 mil 6, kuma ayarin duka yana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa nawa, shi ya sa mai sulke mai nauyi ko wanda ya laɓto dukiya yake ja wa kowa. A wani wasan irinsa mai suna Pathfinder, bugu na biyu, mai saurin ƙafa 25 yana yin mil 20 a yini, mai 30 mil 24.

In kilomita ta fi maka sauƙi ba laifi, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, sai ka ɗauki 30, 40, 50 a madadin 18, 24, 30, bambancin bai kai a damu ba. Amma ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Na taɓa ganin taswirar da aka auna gabas da mil yamma da kilomita don mai ita ya canza ra'ayi a tsakiya, sai da aka sake ta gaba ɗaya.

2. Zaɓi faɗin gida

Nan ne mutane suka fi ɓata lokaci suna gardama, kuma tun asali ba a taɓa tsayawa kan lamba ɗaya ba. D&D na farko da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 allon wani wasa ya ara mai suna Outdoor Survival na kamfanin Avalon Hill, aka ce kowane gida mil 5 ne. Taswirar duniyar wasan mai suna Greyhawk ta 1980 gidanta mil 30 ne. Littafin labarin wasan mai suna Isle of Dread na 1981 ya zo da guda biyu, tsibirin mil 6 a gida, babbar ƙasar kuma mil 24. Littafin mai jan wasa na 2014 ya ba da uku: mil 1 don ƙaramin yanki, mil 6 don masarauta, mil 60 don nahiya.

Ni dai in kana farawa mil 6 nake ce maka ka ɗauka, kuma ga dalili. Koma ka kalli lambobin mataki na farko, 18, 24, 30, duka shida tana raba su ba saura. Ke nan sannu gida 3 ne a yini, matsakaiciya gida 4, sauri gida 5. Uku, huɗu, biyar, ko yaro zai riƙe. Na tsohon wasan ma 6, 12, 18, 24 haka suke faɗawa. Da kilomita kuma gida ya zama kilomita 10, irin yadda wani wasa mai suna Forbidden Lands ya yi, lissafin bai canza ba.

Dalili na biyu na ido ne. Mutum a tsaye a fili shimfiɗaɗɗe ganinsa yana ƙarewa ne a wajen mil 3 saboda lanƙwasar duniya, wato wanda ya tsaya a tsakiyar gida mai mil 6 yana hango bakin gidan ta kowane ɓangare, ba ya wuce nan. Sai ka ga amsar "me muke gani?" ta zo da sauƙi, gidan da kuke ciki kuke gani, sai manyan abubuwa irin tsauni da suke leƙowa daga nesa. In suka hau hasumiya mai tsawon ƙafa 100 ganin yana kai wa kusan mil 12, gida biyu ke nan ta ko'ina, kuma ka ba su wannan ladan, ka buɗe musu gidajen a taswirarsu, don irin haka ne yake sa su fara neman tudu da kansu ba ka ce musu ba.

Gargaɗi babba a nan: gida mai mil 6 ba ƙarami ba ne ko kaɗan. Ana auna shidan ne daga gefe zuwa gefen da ke kallonsa, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma kusan mil 7 ne, faɗin filin ciki ya kai murabba'in mil 31. Ƙauyuka da yawa da gonakinsu da rafi da kogo duk za su zauna a ciki wani bai san da wani ba. Takarda ɗaya mai gida 20 a kwance 30 a tsaye gida 600 ne, in ka lissafa ta fi ƙasar Suwizalan girma. To ka ga wanda ya ce zai zana nahiya guda a zaman farko aikin da ba zai ƙare ba ya ɗauko wa kansa. Gida 10 sau 10 ya ishe ku wasan watanni.

In wasanku duk a kewayen gari ɗaya ne, a je a dawo kafin dare, ɗauki mil 1 a gida ka riƙa lissafi da awa, gida 3 a awa. Mil 24 ko 60 kuma don a ga inda ƙasashe suke ne, ba a yawon bincike a kansu.

3. Zana da kwana, mil ya biyo baya

Sa ɗigo a tsakiyar takarda, nan ne garin da jarumai suke. Sai ka tambayi kanka, wurin da nake so su fara zuwa kwana nawa ya kamata ya ci? In so kake su je su dawo su kwana a gari, gida 2 ya isa. In so kake su kwana a daji sau ɗaya su ɗan ji tsoro, gida 6 zuwa 8. Babban birni na gaba ka kai shi gida 12 zuwa 16, kwana uku zuwa huɗu. Wurin da kake so ya zama abin shiri, a sayi alfadari a ɗauki ɗan jagora, ka kai shi sati guda, ko ka bar shi kusa amma ka gindaya fadama ko tsauni a tsakani.

Bayan wuraren sai koguna, daga tudu suke gangarowa suna haɗewa da juna har teku ko tafki, ba kasafai suke rabewa biyu ba sai kusa da bakin teku. Sai hanyoyi. Sai ka shafa kala: fili, kurmi, tuddai, tsauni, fadama, hamada. Kowane gida kala ɗaya kawai, wadda ta fi yawa a cikinsa, in ka fara raba gida biyu lissafi zai dagule maka a tebur. Ka zana ɗan sandan ma'auni a ƙasan takarda ka rubuta "gida 1 = mil 6, gida 4 = yini ɗaya", sannan ka sa kibiyar arewa.

Kuskuren da na fi gani shi ne hanya ɗaya tal tsakanin wuri da wuri. In hanya ɗaya ce to duk wahalar lissafin nan ba ta da amfani, kawai ka ce kun isa. Ka yi aƙalla biyu, doguwa mai aminci da gajera mai haɗari, a nan ne 'yan wasa suke fara musu a tsakaninsu, kuma musun nan shi ne daɗin tafiyar.

4. Sa wa kowace ƙasa farashinta da tsakuwa

A bugu na biyar dokar gajera ce, ƙasa mai wuya irin kurmi mai duhu, fadama, tsauni, ƙanƙara, tana raba sauri biyu. A na 1981 an fi rarrabewa: kan hanya mai kyau ana ƙara rabi, kurmi da tuddai da hamada ana cin kashi biyu cikin uku, tsauni da fadama da dajin da ya sarƙe rabi. Wato mai mil 24 zai yi 36 a hanya, 16 a kurmi, 12 a tsauni.

Ga yadda nake yi don kar in riƙa rabe-rabe a gaban mutane. Kowace safiya ta cikin wasa ina zube tsakuwa a gaban ayari: in sun ce sannu 6, matsakaiciya 8, sauri 10. Shiga gidan fili ko hanya tsakuwa 2 ne, shiga gida mai wuya 4, ƙetare kogin da ba gada 1. Duk gidan da suka shiga su miƙo kuɗinsa, in tsakuwa ta ƙare rana ta faɗi sai a yada zango. Gwada ka gani, 8 a fili gida 4 ne mil 24, 10 gida 5 ne mil 30, 6 gida 3 ne mil 18, daidai da littafin. A tafiya matsakaiciya ma kowace tsakuwa awa ɗaya ce cif, sai ka iya cewa kun shiga kurmin da hantsi kun fito rana ta karkata.

Gidan da ake shiga ake biya, ba wanda ake bari ba, ka faɗi wannan tun farko don kar a yi ta jayayya. In kuma saura tsakuwa 2 ga kurmi mai 4 a gaba, su biya biyun su kwana a tsakiyarsa, gobe su cika sauran, sai ka ɗan yi alama da fensir.

In kana son tsauni ya fi haka gaskiya akwai ƙa'idar da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892, masu yawon tsauni har yanzu suna amfani da ita: awa ɗaya ga kowane mil 3, a ƙara awa ɗaya ga kowace ƙafa 2,000 ta hawa. Ni ina ɗauko ta ne kawai in za a haura wata mashiga mai tsawo, sai in ƙara tsakuwa ɗaya ko biyu.

5. Gwada tafiya ɗaya kai kaɗai kafin ranar wasa

Kar ka tsallake wannan. Bari mu yi tare. Daga gari zuwa kango akwai gida 5 na fili, sai kogi ba gada, sai gida 3 na kurmi, sai gida 1 na tsauni inda kangon yake. Fili 10, kogi 1, kurmi 12, tsauni 4, duka 27. Da tafiya matsakaiciya 8 a yini, kwana uku sun ci 24, saura 3, wato za su isa da hantsin rana ta huɗu. Ka lura gida 9 ne kacal, mil 54, wanda ya auna da rula zai ce ai kwana biyu da 'yan awanni ne, alhali ƙasar ta mayar da shi uku da ɗoriya.

Yanzu ka ce wanda suke son cetowa a daren rana ta uku za a tafi da shi. Nan wasa ya fara. Za su iya yin sauri, 10 a yini, su isa a rana ta uku da rana a sama, amma kwana uku suna tafe makin lurarsu a ƙasa cikin kurmin da ba su sani ba. Ko su tafi matsakaiciya su ƙara awa uku a ranar ƙarshe, wato tafiyar dole. Dokar 2014 ta ce duk awar da ta wuce takwas kowa zai jefa d20 na juriyar jiki, lambar da ake so a kai 10 ce a ƙara 1 ga kowace awa, ke nan 11, sai 12, sai 13, wanda ya faɗi ya hau matakin gajiya ɗaya. Kuma gajiyar nan ba abin wasa ba ce, a mataki na biyu saurin mutum ya rabu biyu, na biyar ko motsi ba ya yi, na shida mutuwa. Ko kuma su yi sauri a fili inda ake hango abokin gaba daga nesa su koma matsakaiciya a kurmi su ƙara awa ɗaya kacal a ranar ƙarshe, wanda ni shi nake ganin dabara, kuma in ɗan wasa ya gano haka da kansa ina jin daɗi ƙwarai.

6. Doki da jirgi

Kusan kowa yana zaton doki yana ninka tafiyar yini biyu. Ba haka ba ne, doki ma yana gajiya yana bukatar ci da sha, yawancin yini takawa yake. A dokar 2014 mahayi yana iya sukuwa kamar awa ɗaya ya ci ninkin tafiyar sauri, wajen mil 8 ke nan a awar, amma ba zai yini a haka ba sai in akwai hutaccen doki da zai canza duk mil 8 zuwa 10. Haka abin yake a zahiri, masu kai wasiƙa na Pony Express a Amurka a 1860 suna cin kusan mil 1,900 cikin kwana 10 ne saboda tashoshin canza doki da aka jera musu a hanya, mahayan ma canzawa suke. Don haka a teburina doki yana ba da tsakuwa 2 ƙari a fili ko hanya sau ɗaya a yini, a fadama da tsauni ba ya ƙara komai. Babban amfaninsa kaya ne da tsere wa haɗari. Keken doki ko na shanu kuwa in ba hanya ba ya shiga kurmi, ka faɗa musu tun kafin su kashe kuɗinsu.

Jirgin ruwa kuma akasin haka ne. Mai filafilai mil 2 kawai yake yi a awa a littafin, mai tafiya da ƙafa ma ya fi shi, amma shi ba ya kwana, in akwai ma'aikata masu karɓa-karɓa awa 24 yake tafe, mil 48 ke nan, gida 8 a yini. Kwalekwale mil ɗaya da rabi ne, in ana bin ruwa a gangare a ƙara saurin kogin, galibi mil 3. Shi ya sa zuwa ta kogi da dawowa ba sa zama kwana ɗaya, ka rubuta lamba biyu a jikin kogin.

7. Guzuri da ruwa

Mutum ɗaya yana bukatar laba ɗaya ta abinci da galan ɗaya na ruwa a yini, galan biyu in ana zafi. Galan kusan lita 3.8 ne, salkar cikin littafin kuma rabin galan take ci, wato salka biyu a yini ga kowane mutum. Ka ga ba wanda zai ɗauki ruwan sati a bayansa. Don haka ka koma taswira ka sa ɗigon shuɗi a duk inda rijiya ko rafi ko tafki yake. A ƙasa mai ruwa ni ba na ƙirga ruwa sam, abinci kawai. A hamada kuwa ɗigon nan su ne hanyar, daga rijiya zuwa rijiya ake tafiya.

8. Yadda yini ɗaya yake gudana a tebur

Da safe ka tambaye su abu uku: ina aka nufa, da wane sauri, wa yake gaba wa yake baya. Ka sa su raba aiki, wannan jagora, wannan mai zana taswira, wannan mai neman abinci, sauran masu sa ido, kuma ka tuna musu wanda hankalinsa ke kan wani aiki ba ya cikin masu lura da haɗari. Sai ka zube tsakuwa.

In sun bar hanya ko bakin kogi, jagora ya jefa d20 na sanin daji. A littafin 2014 fili da gonaki 5 ake nema, hamada da tuddai 10, kurmi da fadama da tsauni 15, masu tafiya sannu a ƙara musu 5 masu sauri a cire 5. In ya faɗi kar ka ce "kun ɓata". Ka yi shiru, ka jefa d6 a ɓoye, 1 zuwa 3 sun karkata gida ɗaya hagu, 4 zuwa 6 dama, ka matsar da su a taswirarka su kuma suna ta zana tasu a inda suke zato. Can za su iso bakin kogin da bai kamata ya kasance a wurin ba, a nan za su gane. Wannan ne dalilin takarda biyu. Amma kar ka ja abin ya wuce yini ɗaya ba ka ba su alama ba, tsaunin da ya kamata ya kasance a dama ya koma gabansu, ko rana ta faɗi ta inda ba su zata ba, in ba haka ba haushi zai maye gurbin daɗi.

Haɗuwa da wani abu a hanya, d20 ne, 18 zuwa sama an haɗu. Ni sau biyu nake jefawa, ɗaya da rana ɗaya da dare, a wuri mai haɗari in sauko da lambar zuwa 16. Kuma don Allah ba kowace haɗuwa ce faɗa ba, wani lokacin fatake ne masu labarin gadar da ta karye a gaba, ko sawun wani abu babba a laka, ko hayaƙi can nesa. Da yamma a cire guzuri, a raba gadin dare, ka ja layi ɗaya a takardar kwanaki. Yinin da ba abin da ya faru jimla biyu ta ishe shi, ka faɗi yadda sama take da abin da suka wuce, ka tafi gobe. Hanyar da suka riga suka bi sau biyu kuwa ba sai an sake taka ta gida-gida ba, kwana uku, ku cire guzuri, jifa ɗaya, kun isa.

9. In taswirar aro ce, ba gida ba ma'auni

Yana faruwa sosai, ka samu taswira mai kyau amma ba a ce komai kan nisa ba. Zaɓi garuruwa biyu ka yanke da kanka kwana nawa ne tsakaninsu, a ce uku. Kwantar da zare a kan hanyar yana bin duk lanƙwasarta, ka ɗaga ka auna a rula, a ce ya ba ka santimita 12. Ke nan yini ɗaya santimita 4 ne, santimita ɗaya mil 6. Sai ka ƙulla zaren duk bayan santimita 4, kowane ƙulli zango ɗaya, daga yau duk inda aka tambaya zaren za ka kwantar ka ƙirga ƙulli, inda ya ratsa ƙasa mai wuya ka ƙirga wannan yankin sau biyu. In da rula ka auna a miƙe don sauri, ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu, don hanya ba ta tafiya kamar kibiya.

Ka yi hattara da taswirar da aka rage ko aka ƙara girmanta wajen bugawa. In an rubuta "inci ɗaya mil kaza" wannan maganar ta tashi daga aiki da zarar girman ya canza, sandan ma'aunin da aka zana a jiki shi ne yake raguwa tare da taswirar, shi za ka bi.

10. Yanzu ɗauko biro

Duk hanyar da ayari ya bi ya isa, a daren nan kafin a tashi ka rubuta adadin kwananta a jikinta da biro, a taswirarka da tasu, da irin saurin da aka yi, misali "kwana 3 da hantsi, matsakaiciya, a ƙafa". In daga baya kana so ta ƙara tsawo to sai da dalilin da za su gani da idonsu a cikin labarin, ruwa ya cinye mashigi ko an tare hanya, sai ka rubuta sabuwar lambar da fensir a gefen tsohuwar tare da ranar da abin ya faru, in ruwan ya janye ka goge ta.